Motar da Aka Ɗauka a Kafaɗa

Jiya da la'asar ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan ta shiga daji, ina fama da ƙusar da ta ƙi kwancewa, sai na ji ku a gindin itacen bedi kun haɗa kai a kan waya guda, kuna kallon wata 'yar mota mai kujera biyu tana shan kwana a titin wata ƙasa. Ɗayanku ya rantse in Allah Ya buɗa masa irinta zai fara saya. Wani ya ce ai gyaranta ma wasa ne, ka jona na'ura ta gaya maka abin da ya lalace, ka cire ka sa sabo. Shirun da na yi ba yarda ba ce, ƙasa ce ke zubo mini a baki. Yau bakina fes yake, don haka ku ajiye wayar nan ku saurara. Ni Jibo na riƙe irin motar nan da hannuna a nan Tawa, kuma saura kaɗan ta hana wani tsoho sake ganin duniya.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin ƙusoshi ne. Maigidana Usmanu, mutumin Damagaram, ya tura mini gwangwani cike da gazuwal, wato man dizal, da ƙusoshi masu tsatsa, ya ce in wanke in jera kowace da 'yar uwarta. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni na taɓa kile, wato abin kwance ƙusa, kuma bai bar ni ba sai da na iya sanin girman ƙusa da yatsa, ido a rufe. In an kawo mota yakan sa a tada ta, ya dafa doguwar sukudireba a jikin injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, sannan ya miƙo mini ya tambaye ni abin da na ji. In na ce ban ji komai ba, sai ya ce to in ci gaba da saurare har in ji, shi zai je ya ci tuwo. Na'urarmu ke nan. Kayan aikin kuwa ba su da yawa: kile, guduma, kirik na ɗaga mota, da ramin da ake shiga a duba ƙasanta. In kile guda ya ɓata, ba mai tafiya gida sai an tone garejin an gano shi. Ku kuwa jiya na tsinci kile biyu a cikin yashi, ba wanda ya ma san sun ɓata.

Babban abin da Usmanu ya koya mini shi ne ƙarin ƙarfe. Duk motar da ta sauko daga bakin teku ta iso Adar, ba a yi ta don mu ba. Wanda ya ƙera ta bai san hanyar Tebaram ba, bai san za a ɗora mata buhunan hatsi, a ɗora awaki a kan buhunan, mutane su hau kan awakin ba. Saboda haka da ta shigo sai mu ƙara mata ƙarfe a kan ƙafafu ta ɗaga, mu sa mata faranti a ciki don dutse, mu kafa mata karaga a sama don kaya. Ƙa'idarsa guda ce a nan: abin da ƙusa za ta iya riƙewa, kada a yi masa walda. A kan wannan na tashi, da shi na ci abinci, kuma direbobin ƙauye sun san ni da shi. Su ne mutanen da ba sa kawo mota sai ta mutu murus, an jawo ta da igiya, sannan su dube ka su ce wallahi jiya lafiya lau take.

Shekarar da aka rufe iyakoki ita ce mafi muni da na gani. Kayan gyara suka daina shigowa. Garejin nan ya cika da motoci a kan duwatsu, kowace tana jiran wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba. Muka koma yanka kwali muna toshe yoyon inji, muna sassaƙa roba daga tsohuwar tayar babbar mota. Rabin masu koyon aiki a wurina suka watse, wasu suka nufi arewa haƙar zinari. A cikin wannan hali, kamar wahalar ba ta isa ba, motar Kadri ta zame mini ciwon kai.

Kadri ɗan wani ƙauye ne a bayan Takanamat, auta a gidansu. Ya yi shekaru a Abijan yana sayar da wayoyi. Kun san al'adarmu: saurayi in ya tafi biɗa ya dawo, sai an ga abin da ya riƙo. A zamaninmu rediyo ne da akwati, daga baya babur, yanzu mota. Shi kuwa da ya tashi, sai ya sayo wata 'yar mota ruwan ƙwai, mai kujera biyu da rufin yadi, aka kawo ta Tawa a bayan babbar mota jim kaɗan kafin a rufe hanya. Ranar da ya fara kawo mini ita canjin mai, ko ƙofar gareji ta kasa shiga, ɗan tudun nan na bakin ƙofa ya tokare mata ciki. Sai da muka shimfiɗa katako. Kirik ɗina ya ƙi shiga ƙarƙashinta. Shiga cikinta kuwa sai ka naɗe kanka ka zauna kusan a ƙasa, in kun jera da jaki ya fi ka tsayi.

Ba zan yi mata ƙarya ba. Bayan na gama na fita gwada ta a kwaltar Ƙonni, kuma tun da nake tuƙi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ka taɓa sitiyari kaɗan, ta riga ta juya. Ka taka birki, ta tsaya nan take, ba ja-in-ja. Duk abin da taya ta taka kana jin sa a tafin hannunka. Man da kat-kat za ta sha kafin azahar, ita ya kai ta kwanaki. In ta mutu, mutum biyu sun tura ta. Na dawo gareji ina murmushi ni kaɗai, har aka tambaye ni ko lafiya. Duk wannan daɗin daga rashin nauyinta yake, kuma iyakarsa inda kwalta ta ƙare.

To a Tawa kwalta nawa ce? Da Kadri ya sauka cikin unguwa sai yashi ya riƙe ta. Kowane tudun rage gudu sai ya bi shi a karkace, cikinta na ƙara. Awakin unguwarsu suka gano ba inda ya fi rufinta daɗin kwanciya, suka huda shi da kofato, sai baduku na kai wa ya yi masa faci da fata. Ya sayi man kwalba a bakin hanya, ta shaƙe, na kwana biyu ina wanke mata hanyar mai. Tayoyinta sirara ne, rami guda ya isa ya fasa su, kuma duk kasuwar Tawa ba irinsu. Muka aika Yamai, muka aika Maraɗi, shiru. Takan yi wata a nan ƙarƙashin rumfa tana jiran abu guda, Kadri yana yawo a kan kabu-kabu kamar bai taɓa sayen mota ba.

Wannan duk aikin ƙarfe ne, ana iya jurewa. Abin da ba ni da kilen gyaransa shi ne mutane. Mota a wurinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. In maƙwabciya na naƙuda, kai za a buga wa ƙofa, kuma ba ita kaɗai za ta shiga ba. In an yi rasuwa, kai ne. Ragon layya ma kai ne. Kadri ba marowaci ba ne, na shaida, amma sunan da ya samu ke nan. Wata rana ya tarar da dattawa uku na unguwarsu suna jiran abin hawa zuwa jana'iza, ya tsaya don ladabi, ya ɗauki ɗaya. Sauran biyun har yau ba sa amsa gaisuwarsa da kyau.

Damina ta kankama, wata safiya sai ga shi ya shigo gareji ko zama bai yi ba.

"Kawu Jibo, motagga sai ta kai ƙauyenmu."

Na ce, "Wace mota?"

"Wagga."

"Bayan Takanamat? Cikin damina? Kadri, lahiyakka ƙalau?"

Sai ya zauna ya ba ni labari. Mahaifinsa Malam Ada ne yanar ido ta rufe masa ido biyu, shekaru ke nan ba ya gani. An sanar likitocin ido za su zo Tawa su yi aiki na 'yan kwanaki, Kadri ya samar masa wuri. In suka tafi ba wanda ya san ranar dawowarsu, kuma ma'aikacin lafiya na Takanamat ya ce in aka ƙara jinkiri idon na iya wuce gyara.

Na ce, "To mi ad damuwa? Ɗauki hayak kat-kat ka ɗauko shi."

"Na hwaɗa mishi, Kawu. Ya ce tun da anka ce ɗanai ya sayi mota, babu wanda bai gaya ma ba bakin masallaci. Ya ce ba shi shiga motak kowa. Ko tawa, ko shi zamna da makantatai."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga tsoho mai taurin kai, ga ɗa mai taurin kai, ga mota da ba ta iya haye tudun ƙofar gareji, duk sun taru a kaina. Na yi faɗa har masu shayi na waje suka leƙo. Amma ido ba abin da ake aikawa Yamai a sayo ba ne. Na ce ya bar ta, zan yi mata abin da muke yi wa kowace mota.

Na yanko zobba daga bututun ƙarfe da tayar babbar mota, na ɗora a kan ƙafafunta huɗu ta ɗaga. Na sa mai walda ya yanko mini faranti daga ƙofar wata matacciyar babbar mota, na ɗaure mata a ciki daga gaba har tsakiya. Na samo tayoyin ƙaramar tasi masu kauri, suka ƙi shiga, sai da na yanke leɓen jikinta. Da injin yanka ya taɓa fentin nan ruwan ƙwai, Kadri ya juya baya ya fita waje. A bayanta na kafa karaga don kaya. Komai da ƙusa na ɗaure. Da na fita gwaji sai na ji wata mota daban: tana rangaji a kwana, birki sai ka roƙe ta, tana nishi a hawa. Duk abin da ya sa take da daɗi mun kashe shi da hannunmu, kuma ba ta zama kat-kat ba.

Muka kama hanya bayan sallar asuba, ana gobe za a fara aikin ido. Kadri na tuƙi, ni ina gefe da akwatin kayan aiki a cinya, don ba inda za a sa shi. Gargadar jar hanya ta kaɗa mini haƙora. Hatsi ya kai gwiwa, manoma suna miƙewa daga noma suna bin mu da kallo, wasu suna dariya ba sa ɓoyewa. Bayan Takanamat muka shiga yashi, ta kafe, na fita na tura, ta sake kafewa, na sake turawa. Farantina ya sha dutse ya fi a ƙirga, kuma kowane bugu ina ce wa Kadri, ka ji, da ba don shi ba da nan tafiyar ta ƙare. Rana ta take muka iso ƙoramar da ke gaban ƙauyensu.

An yi ruwa a kan tudu daren jiya. Ƙoramar tana gudu, ruwa ja wur, ya kai cinya. A tsakiya ga motar kasuwa ta nutse har gindi tun jiya, an sauke gishiri da awaki a gaɓa, direban yana zaune a kan rufi ya zuba tagumi. Motarmu kuwa inda take shan iska bai fi gwiwa ba daga ƙasa, ko taku biyar ba za ta yi ba injin zai sha ruwa. Na ce wa Kadri alhamdu lillahi mun iso, ga ƙauye can ana gani, ya je a goyo tsoho a hayo da shi. Ya naɗe wando ya haye. Can sai ga shi ya dawo da samari sun fi ashirin a bayansa, fuskarsa ba daɗi.

"Kawu, ya ce mota ƙohwag gida taka zuwa. Ya ce in dai goyo na, da ba a jira mota ba."

Na cire hula na buga a gwiwa. Da ba don furfurar mutumin ba, da na aika masa da magana. Ina cikin wannan sai wani ƙaƙƙarfan manomi, Sha'aibu, shugaban samarin ƙauyen, ya zagaya motar yana ƙare mata kallo, ya kama gefenta ya jijjiga.

Ya ce, "Wagga ai ba ta kai jinkar rumbun Maigari ba. Mu ɗauke ta mana."

Ku 'yan birni ba ku san wannan ba. A ƙauye jinkar rumbu a ƙasa ake ɗaura ta, in an gama sai maza su kewaye ta, mutum ɗaya ya ba da murya, a ɗaga gaba ɗaya a ɗora a kan rumbu. Kuma duk damina haka suke hayar da babura a wannan ƙorama. A wurinsu motar Kadri jinka ce mai taya. Na ce mota ba a ɗaukar ta, Sha'aibu ya ce wa ya hana. Aka kawo itatuwa masu kauri, na nuna musu inda za su zura don kada su karya mata wani abu. Ya ba da murya, suka ɗaga. Ta tashi kamar taƙi guda, suka dire ta suna haki.

"Malam, akwai wani nauyi ƙasanta. Mi kunka sa mata?"

Na ɗauki kile na kwanta a cikin jiƙaƙƙen yashi, na shiga kwance aikina da hannuna. Farantin da na sha wuya a kansa ya fito, karaga ta fito, na cire batir, aka ɗauke akwatin kayan aiki. Ina kwancewa ina yi wa Usmanu addu'a, don da walda na yi da sai dai mu zauna mu kalli juna. Sha'aibu ya sake ba da murya, sai ga mota a kafaɗa. Suka shiga ruwa suna amsa waƙar aiki, ruwa har ƙugu, Kadri na biye da hannu biyu a ka. A tsakiya wani ya zame, ta karkata, mata a gaɓa suka yi salati, aka tallabe. Suka dire ta a tsallake ko ɗigon ruwa bai shiga injin ba. Na mayar da batir, ta tashi bugu ɗaya, muka lallaɓa har ƙofar gidan Malam Ada, duk ƙauyen na biye.

Matarsa Inna Hajo ce ta fito da shi, tana riƙe da bakin sandarsa. Dogon tsoho ne, ya sha farar riga da rawani tun safe. Ya miƙa hannu daidai ƙirjinsa yana neman mota, ya kama iska. Inna Hajo ta kama hannun ta saukar da shi ƙasa har ya taɓa. Ya bi ta da shafa daga gaba zuwa baya, ya zagayo, ya dawo inda ya fara.

"Kadri."

"Na'am, Baba."

"Ina sauranta?"

Samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kadri ya ce da ƙaramar murya, "Ita ke nan, Baba." Tsoho ya gane mutane na saurare, sai ya ɗaga murya ya ce, "Madalla. Allah shi sa albarka. Irin ta manya ta." Na ji tausayin su biyun.

Sai ga kayan Inna Hajo ana fitowa da su: tabarma, buta, tukunya, ƙwarya, ƙullin gari, har da kaza. Kun san ba a kai mara lafiya asibiti shi kaɗai, sai da mai jinya da zai dafa masa ya wanke masa. Ita kuwa tun da ya makance ita ce ke ɗora hannunsa a kan akushi, ita ke kai shi alwala. Ni na riga na bar kujerata, na san a motar kasuwa zan koma. Abin da ba wanda ya tsaya ya lissafa, daga ni har Kadri, shi ne ita. Ta dubi motar, ta dubi ɗanta.

"To ni ina za ni zamna?"

Kadri ya juyo ya dube ni, kamar ina da kujera ta uku a cikin akwati. Na ce kada ya dube ni, ba ni na sayo ta ba. Malam Ada ya ce in babu wurin Hajo to a bar tafiyar, ya fara laluben hanyar komawa cikin gida. Ga rana ta karkata, kuma in ya shiga zauren nan ba mai sake fito da shi. Inna Hajo ta riƙe sandar ta ƙi saki.

"Malam, kai ka ce sai motar ɗanka, ga ta an ɗauko ta bisa kai. Tahi. Ido ba shi jira. Ni ina biye."

Na ce masa ni da kaina zan kawo ta Tawa, amana ce a wuyana. Da ƙyar ya yarda. Shigar da shi ma aiki ne, sai da mutum uku suka naɗe shi, rawaninsa ya tokare rufi, dole aka buɗe rufin aka ɗora masa malfa. A bakin ƙorama Sha'aibu ya ce wahalar da aka sha wajen shigar da shi ba za a maimaita ba, a ɗauke su tare. Haka aka yi. Tsoho yana zaune a sama, dafe da malfa, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, sai muka ji ya ce, "Kai, Kadri, motagga akwai laushi. Ko ƙara ba ta yi." Har masu ɗauka sai da suka kusa sakin ta don dariya.

Ba a mayar da faranti ba, ba lokaci. Na gaya wa Kadri ya bi a hankali, ya kauce wa kowane dutse kamar ƙwai ya ɗauko. Daga baya ya ce mini ko sau ɗaya ba su kafe ba, ta bi kan yashi ta wuce, sun shiga Tawa kafin magariba. Na ji daɗin labarin, na kuma ji haushinsa. Farantina yana can har yau, an yi ƙofar garken awaki da shi.

Ni da Inna Hajo kuwa mun ga hanya. Muka haye ruwa da tukunya a ka, muka jira aka tono motar kasuwa, ta kai mu Takanamat muka kwana wurin danginta. Wadda muka samu washegari ta mutu a daji, kuma da yake an san sana'ata, ni aka tura ƙarƙashinta. Baiwar Allah nan ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, sai dai in mun tsaya ta tambaye ni ko Malam ya ci abinci, kamar ina da hanyar sani. Kafin mu iso an riga an yi masa aiki a ido guda, har an kwance.

Kadri ya tare mu a ƙofar asibiti, duk ya rame. Na lura ya wanke motar tas, ya ajiye ta daidai tagar ɗakin da tsoho yake.

"Kawu, likita ya duba ya ce aiki ya yi kyau. Amma da an sake shi sai shi rumtse. Na ce Baba buɗe ka ga mota, ga ta nan bakin taga. Ya ce ba shi soma gani da ƙarhe. Tun sahe tambaya guda shika yi, ko Inna ta iso."

Ta shiga da tukunyarta a ka, zaninta duk jar laka. Ta sauke kaya a gefen gado ta ce, "Malam, ga ni." Ya juyo wajen muryar, ya buɗe idon a hankali, yana ƙiftawa, hawaye na zuba. Ya daɗe yana kallon ta.

"Hajo, ashe haka kinka tsuhwa?"

Ta ce, "Bari a kawo maka madubi tukuna."

Duk ɗakin aka yi dariya, har marasa lafiyar da ba su san mu ba. Ni idona ya ciko, na fita waje na ce zan duba taya.

Ya huta a gidan Kadri har likita ya ba shi izinin tafiya. Ranar komawa na je sallama. Ya fito da ƙafarsa, ya zagaya motar yana kallon ta da idonsa, ya duba facin baduku, ya duba inda na yanke. Kadri ya buɗe masa ƙofa yana jira.

Tsoho ya ce, "Mota ta yi kyau, ɗana. Ta kawo ni, ban rena mata ba. Amma ni da Hajo ba mu sake raba hanya. Ina tasha take?"

Kadri ya yi magiya, ya ce zai kai shi ya dawo ya ɗauki Inna, tsoho ya ce ya ji, ya gode. Haka suka kama hanyar tasha a ƙasa, Malam Ada a gaba ba mai riƙe masa sanda, yana gaida duk wanda ya gani, Inna Hajo a bayansa da tukunya a ka. Kadri na biye da su a hankali cikin motarsa, tabarma da buta a kujerar gefe.